Gyaran mota a gida: Abin da mai mota zai iya, da inda ya kamata ya tsaya

Tsadar man fetur da ta kayan gyara ta sa riƙe mota ya zama babban aiki ga ma'aikata da 'yan kasuwa a Birnin Kebbi da Argungu. Akwai ayyuka da dama da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa ya rage kashe kuɗi, to amma akwai waɗanda kuskure a cikinsu kan ci inji, wani lokaci ma ya ci rai.

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin masu motoci a Nijeriya ya sauya. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki a jihohin arewa, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta zarce naira 1,000.

A tsakiyar watan Yunin 2023 kuma babban bankin ƙasar ya bar kasuwa ta yi halinta wajen tsayar da darajar naira. Dalar da ake canzarwa a kan kimanin naira 460 a hukumance ta wuce naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Da yake kusan dukkan kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, farashin taya da batir da filogi da man inji duk ya bi dala ya tashi.

Ga mazauna jihar Kebbi akwai ƙarin ɗawainiya. Manyan kasuwannin kayan gyara, irin su Ladipo a Legas, da Nnewi a jihar Anambra, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, duk suna da nisa. Idan wani muhimmin abu ya lalace kuma ba a same shi a shagunan Birnin Kebbi ko Sakkwato ba, sai an yi aike, a biya kuɗin mota, a kuma jira kwanaki. Wannan ne ya sa hana lalacewar tun farko ya fi daraja a nan fiye da garuruwan da ke kusa da kasuwannin.

Daga Fijo zuwa 'yar Kwatano

Taɓa inji ba baƙon abu ba ne ga direbobin wannan yanki. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma samfurin 504, wanda jama'a ke kira Fijo, ya riƙe hanyoyin arewa kimanin shekara 30. Mota ce mai kafreto, wadda ido ke iya ganin yawancin abin da ke damunta. Direban tasha ba ya rabuwa da sifana da filaya da fambel na ajiya da jarkar ruwa. Idan mota ta mutu tsakanin Argungu da Sakkwato, zai kwance kafreto ya wanke, ya goge filogi, ya ci gaba da tafiya.

Bayan shirin tsuke bakin aljihu na shekarar 1986, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati. Daga nan kasuwar motocin hannu ta buɗe, akasari ta tashar jiragen ruwan Kwatano. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato a watan Agustan 1991, ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin da ta Nijar, don haka 'yar Kwatano ta zama motar gida. Gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga ranar 1 ga watan Janairun 2017, amma a lokacin motocin hannu sun riga sun cika ƙasar.

Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 nasu Afirka aka kawo su. Nijeriya na sahun gaba a cikin masu saye.

Waɗannan motoci, irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Accord da Volkswagen Golf, tsofaffi ne a shekaru, amma tsarinsu na zamani ne. Babu kafreto a cikin mafi yawansu. Wata ƙaramar kwamfuta ce ke auna iskar da ke shiga inji, da zafinsa, da hayaƙin da ke fita, sannan ta ƙayyade yawan man da nozul zai fesa.

A nan ne ake samun ruɗani. Kwarin Rima cike yake da mutanen da suka san inji. Noman shinkafa na rani, wanda ya ƙara bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na babban banki a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamban 2015, ya sa injin ban ruwa ya zama kamar fartanya a fadamun Argungu da Augie da Suru. Manomi kan kwance injinsa a bakin gona ya mayar. To sai dai injin ban ruwa da babur da janareta duk 'yan uwan Fijo ne wajen sauƙi. Dabarar da ta yi aiki a kansu tana iya yin ɓarna a motar da kwamfuta ke sarrafawa.

Man inji da ƙurar hunturu

Aiki na farko da kowane mai mota zai iya shi ne duba man inji. Ana yin haka ne a wuri mai daidaito, bayan an kashe mota na 'yan mintuna. A zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamomi biyu da ke jikin sandar. Ƙarancinsa na cinye ƙarafan inji, yawansa kuma na sa shi kumfa har ya kasa aikinsa.

Idan jar fitila mai siffar buta ta kama a gaban direba ana cikin tafiya, ma'anarta ita ce man ba ya zagayawa yadda ya kamata. Abin yi shi ne a sauka gefen hanya a kashe mota nan take. Ƙoƙarin lallaɓawa zuwa gari na gaba shi ne kan sa inji ya buga.

Juyen mai ma aiki ne da ake iya yi a gida, muddin akwai sifanar da ta dace da mazubi da sabuwar matatar mai. Littattafan da kamfanoni ke haɗowa da motoci sun ware jadawali na musamman ga motar da ke aiki cikin ƙura da zafi da gajerun tafiye-tafiye, inda sukan rage tazarar juye zuwa tsakanin kilomita 5,000 da 8,000. Kusan kowace mota a Kebbi a ƙarƙashin wannan jadawali take.

Haka nan kaurin mai na da muhimmanci. An saba da mai kauri, mai lamba 20W-50, tun zamanin Fijo, kuma har yanzu akwai masu ganin shi ya dace da ƙasa mai zafi. Amma injinan da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau suna da ƙananan hanyoyin mai, kuma da yawansu 5W-30 ko wanda ya fi shi tsinkewa aka tsara musu. Galibi lambar na rubuce a kan murfin da ake zuba man. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama jabun man inji a kasuwanni, don haka man da ake aunawa daga duro a bakin titi, ba tare da suna ko hatimi ba, kasada ce. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan ɗauko ƙura daga Sahara ta lulluɓe yankin. Inji na zuƙar iskar da nauyinta ya ninka na man da yake ƙonawa kusan sau 15, kuma matatar iska ce kaɗai ke tsakaninsa da wannan ƙura. Ciro ta bai wuce buɗe maƙalai biyu ko huɗu ba. Idan aka ɗaga ta sama haske bai ratsa ta ba, lokacin sauyawa ya yi. Hura mata iska mai ƙarfi a wurin mai faci kan yaga takardar, kuma ta wannan ƙaramar kafa yashi ke shiga ya riƙa goge cikin inji a hankali.

Zafin bazara da lagireto

A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a Birnin Kebbi kan haura digiri 40. An tsara injin mota ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 90 zuwa 100 ko sama kaɗan, saboda haka tazarar da ke tsakanin aiki lafiya da tafasa ba ta da yawa.

Al'adar da ta fi yaɗuwa ita ce cika lagireto da ruwan rijiya ko na burtsatse. Irin wannan ruwa na ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa su toshe siraran bututan lagireto, yana kuma sa tsatsa. Ruwan sanyaya inji na musamman, wanda akan gani kore ko ja, yana da sinadarin hana tsatsa, kuma idan murfin lagireto na da kyau ba ya tafasa sai zafi ya wuce digiri 120.

Al'ada ta biyu ita ce cire tamostat daga motar da aka shigo da ita, a kuma haɗa fanka kai tsaye, bisa tunanin cewa don ƙasashe masu sanyi aka sa shi. Tamostat ƙaramin bawul ne da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗumama, sannan ya buɗe. Idan babu shi inji kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubahin hunturu. Kwamfutar motar kuwa, muddin tana ganin inji da sanyi, ƙara masa mai take yi. Wato wanda ya cire tamostat yana biyan kuɗin hakan a gidan mai kullum.

Idan allurar zafi ta haye, sai a tsaya a kashe mota a jira. Buɗe murfin lagireto da zafinsa na watso tafasasshen ruwa a fuska da hannu. Kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi kuma na iya lanƙwasa kansa ko ya tsaga shi.

Taya da batir

Taya ce kaɗai ke haɗa mota da ƙasa, kuma ita ce abin da mai mota ya fi sauƙin dubawa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Lamba 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Roba na bushewa ko da ba a hau ta ba, kuma zafi na gaggauta hakan.

Tun bayan da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, ƙasar ta dogara ne a kan ta waje. Duk da cewa tayoyin hannu na ƙananan motoci na cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, ba su ɓace daga kasuwa ba. Tayar da ta gama aikinta a Turai, idan ta hau kwaltar da ranar Afrilu ta gasa, da kaya fiye da ƙima, ba abin dogaro ba ce.

Yawan iskar da ya dace na rubuce a jikin ƙofar direba, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin awo 30 ne da 35. Ana aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Ma'aunin aljihu ba shi da tsada, kuma yana raba gardama da mai facin da ya saba ɗura iska da ƙiyasi. Ƙarancin iska na sa taya zafi har ta fashe, yana kuma ƙara shan mai.

Batir ma zafi ne babban abokin gabarsa. Lafiyayyen batir kan nuna kimanin bolt 12.6 idan mota na kashe, da tsakanin 13.5 zuwa 14.5 idan tana kunne. Wanda ake buɗewa, tataccen ruwan batir ake ƙara masa, ba asid ba. Wajen cirewa ana fara kwance wayar da ke da alamar ragi, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe. Tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir mota na kunne don a ga ko tana caji ta dace da zamanin Fijo ne kawai. A motar yau tana iya ƙona kwamfutar, wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa.

Tsadar mai ta kawo wata ɗabi'a, wato yawo da tanki kusan a bushe. Famfon mai na cikin tanki ne, kuma man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Man bumburutu da ya kwana a jarka kuma kan zo da ruwa ko datti. Ko a gidajen mai an taɓa ganin matsala: a watan Fabrairun 2022 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, bayan da masu motoci suka yi ta kokawa da lalacewar injinansu.

Idan ruwa ya sha hanya

Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda ke da tazarar kimanin kilomita 50 a tsakaninsu, duk a bakin fadama suke. A watan Satumban 2010 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a jihohin Sakkwato da Kebbi bayan da madatsar ruwa ta Goronyo ta tumbatsa. A daminar 2020 kuma ambaliya ta yanke hanyoyi da gadoji, ta kuma lalata gonakin shinkafa da aka ƙiyasta sun kai hekta 450,000 a jihar Kebbi.

Hukumar hasashen yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba zai iya tafiya da ƙaramar mota. Ko da bai tafi da ita ba, bakin da inji ke zuƙar iska ta cikinsa a ƙasa yake a motoci da yawa. Iska na matsuwa a cikin inji, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka idan ya shiga, ƙarfen da ke tura fistin ne ke lanƙwashewa ko ya karye.

Saboda haka motar da ta mutu a cikin ruwa ba a sake murza mata makulli. A tura ta waje, a cire kan batir, a duba matatar iska ko ta jiƙe, a duba man inji ko ya koma kalar shayi da madara. Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, aikin ya zama na bakanike. Sau da yawa murza makullin nan na biyu ne ke kashe injin da ruwan bai kashe ba.

Kwamfuta a aljihu

Fasahar da ta sa gyara ya yi wuya ita ce kuma ta ba mai mota wata dama da iyayensa ba su samu ba. Tun daga samfurin 1996, doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta kasance da soket iri ɗaya mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake karanta matsalolin inji ta cikinsa. Tarayyar Turai ta bi sahu a kan motocin fetur daga 2001. A yau akwai ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi da ake maƙalawa a soket ɗin su aika da bayani zuwa wayar salula.

Idan fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama, na'urar za ta ba da lamba. P0300, alal misali, na nufin inji na tsallake wuta. To amma lambar ɓangaren da matsalar take kawai take nunawa. Tsallaken wuta na iya fitowa daga filogi, ko koyil, ko nozul, ko wata roba da ta tsage. Wanda ya ruga ya sayi abin da ya fara zuwa masa a rai zai iya sauya abu uku bai taɓa matsalar ba. Amfanin na'urar shi ne mai mota ya isa gareji ya san inda za a fara bincike. Idan kuwa fitilar walƙiya take yi, ba a ci gaba da tafiya.

A ƙasashen yamma wannan batu ya kai ga akwatin zaɓe. A shekarar 2012 masu jefa ƙuri'a a jihar Massachusetts ta Amurka sun amince, da rinjayen sama da kashi 80 cikin 100, da dokar da ta tilasta wa kamfanonin motoci su ba masu motoci da ƙananan gareji irin bayanan gyaran da suke ba dillalansu. A Kebbi matsalar ta sha bamban. Bayanan na nan a intanet, amma da Turanci suke, alhali yawancin kanikawa a gaban ubangida suka koyi sana'a, da ido da kunne. Mai motar da ya yi karatu zai iya cike wannan giɓi idan ya karanta littafin motarsa ya tattauna da bakanikensa.

Inda ya kamata a tsaya

Akwai sassan da ƙaramin sani ƙuƙumi ne a kansu. Na farko birki. Mai mota zai iya duba yawan man birki, ya kuma lura da ƙara ko laushin feda. Amma buɗe hanyoyin man da fitar da iska daga cikinsu aikin gwani ne, domin ƙwayar iska ɗaya kan sa a taka birki ya tafi ƙasa. Man birki na tsotsar danshi, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara 2 ko 3. Zuba ruwan sabulu a madadinsa, kamar yadda wasu direbobin haya ke yi idan ya ƙare a hanya, wasa ne da rayukan fasinja.

Na biyu sitiyari da ƙafafun mota. Na uku jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari, wadda sinadari mai fashewa ke hura ta. Na huɗu tukunyar gas. Bayan da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas a 2023, an samu masu haɗa tukunya a wurin mai walda. A watan Oktoban 2024 wata mota mai irin wannan tukunya ta tarwatse a wani gidan sayar da gas a birnin Benin na jihar Edo, ta jikkata mutane. Ana matsa wannan gas ne da ƙarfin da ya ninka na iskar taya kusan sau 90.

Na biyar motoci masu haɗa fetur da lantarki, waɗanda suka fara shigowa kasuwar motocin hannu. Wayoyinsu masu ruwan lemo na ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Abin sha'awa shi ne ɗaya daga cikin fitattun irin waɗannan motoci, Chevrolet Volt, wadda kamfanin General Motors ya nuna samfurinta a 2007, Jelani Aliyu ne ya zana siffarta, kuma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatun zanen gine-gine kafin ya tafi Amurka. Daga baya ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023.

Ko a ƙananan ayyuka akwai ƙa'idojin kare kai. Jak na ɗaga mota ne don sauya taya, ba a shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da abin da ba zai goce ba, musamman a ƙasa mai yashi. Ba a barin mota a kunne a rufaffen wuri, domin hayaƙinta na ɗauke da gubar da ba ta da wari. Ba a zuƙo fetur da baki, ba a kuma kusantar batir da wuta.

Ga Musulmi batun ya wuce na dukiya. A zamanta na shekarar 1993 a ƙasar Brunei, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba na ɗaukar alhakin cutar da ya jawo wa wani, a jiki ko a dukiya, bisa hukunce-hukuncen da shari'a ta tanada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗuran hanya, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara.

Bakanike da baƙin mai

Kula da mota a gida ba ya kawar da bukatar gareji. Abin da yake sauyawa shi ne irin cinikin da ake yi a can. Mai motar da ke rubuta ranar juye da adadin kilomita a ɗan littafi, wanda ke zuwa sayen kaya da tsohon a hannu don a gwada lamba, wanda kuma ke karɓar abin da aka cire masa, ba a cika yi masa aikin da bai nema ba. Ya kamata kuma ya san darajar abin da ke cikin salansarsa, wanda ake kira indomi. Matatar hayaƙi ce mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake cire ta a sayar. Motar da aka raba da ita na fitar da hayaƙi mai guba, kuma fitilar injinta kan kama.

Shi ma bakanike na gari yana amfana, domin motar da ake kula da ita ta fi sauƙin ganewa, kuma ba a ɗora masa laifin ɓarnar da sakaci ya haifar. Kanikawa na da ƙungiyarsu ta ƙasa, NATA, mai rassa a jihohi, wadda akan kai wa ƙorafi idan an samu saɓani.

Saura baƙin man da aka juye. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan 1 na ruwa. A Birnin Kebbi da Argungu duk abin da aka zuba a kwata fadama yake nufa da ruwan sama na farko, inda ake noman shinkafa, inda kuma masunta ke kamun kifi. Kogin Matan Fada, wanda ake bikin kamun kifi na Argungu a cikinsa, bikin da aka faro a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, na cikin wannan kwari. Hanyar da ta dace ita ce a tara man a jarka mai murfi a miƙa wa gareji ko masu sayensa. Tsohon batir kuma, saboda dalma da asid da ke cikinsa, a mayar wa mai sayar da sabo, kada a bar shi a tsakar gida inda yara ke wasa.

Duba mai da ruwa da iskar taya da fitilu da birki kafin a kama hanyar Sakkwato ko Jega ko Kamba bai wuce aikin minti 10 ba, kuma ba ya bukatar kayan aikin da suka wuce tsumma da ma'aunin iska da tocila.